Abin da ke korar mutane daga Florida

Waɗanda suka tattara nasu-ya-nasu suka bar jihar Florida ta Amurka, inshorar gida na cikin abubuwan da suka fi kuka da su, ga kuma zafi. Kuɗinta ya yi tashin gwauron zabi, musamman bayan guguwar Ian ta 2022, wasu kamfanonin ma suka janye daga jihar. Mazauna manyan benaye kuwa, dokar duba gine-gine da ta biyo bayan rushewar wani bene a garin Surfside na jihar a 2021 ta ɗora musu kuɗin gyara.

Shawararsu ga mai niyyar zuwa: kada rashin harajin albashi na jiha ya ruɗe ka. Fara kama haya, ka ɗanɗana gumin Agusta, ka duba taswirar ambaliya kafin ka sayi gida. Da yawa daga cikin waɗanda suka bar Florida, jihohin Jojiya da Karolina ta Arewa suka koma.