Na sake zuba Windows 7, hoton ekaran ya kumbura

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum. Jiya na goge tsohuwar ordinatar ƙanwata na sake zuba Windows 7. Yanzu rubutu ya yi ɓaro-ɓaro, 800x600 kawai, maɓallin haske ya ƙi, wifi babu. Jibi za ta kai aiki jami'a.

Mai Gyara: Wa alaikumus salam. Pilot ne babu, ƙanena, wato manhajar da ke sa Windows ta gane kayan da ke cikin ordinatar. Shiga Gestionnaire de périphériques (inda Windows ke jera kayan ordinatar), duba lambar katin hoto: VEN_8086 Intel ne, 10DE NVIDIA. Sauko da pilot ɗinsa a wata na'ura, kawo a kile USB. Fara da pilot ɗin chipset, abin da ke haɗa kayan ordinatar da juna. Kuma duba Windows mai 32 ko 64 bit ka zuba, pilot ɗin ya dace da ita, nan mutane ke faɗuwa.

Hajiya Zariya: Ɗana, tun Janairun 2020 Microsoft ta daina kula da 7. Kada ƙanwarka ta buɗe asusun kuɗi a kanta.

Ɗan Bagalam: Yaya, 32 ne ashe. Hoto ya daidaita, saura wifi.