Injina yana ƙara kamar tsakuwa in na taka totur

Ɗan Aboabo: Salam 'yan uwa. Na gyara injin motata a Magazin (unguwar makanikai da ke Suame, Kumasi), matsinsa (yadda fistin ke matse iska da mai) ya kai 11:1, tun daga nan in na taka totur a hawa da rana sai in ji kas-kas-kas kamar tsakuwa a gwangwani, wallahi abin na damuna. Fetur mai RON 91 nake sha (RON lamba ce ta yadda mai ke jure matsi). Mene ne mafita?

Masta Suame: Ƙanena man ne ke fashewa da kansa saboda matsi da zafi, 91 bai isa ba, koma 95. Kuma a ja taimin (lokacin da fulogi ke ba da wuta) baya kaɗan, a sa fulogi mai sanyi (wanda ke saurin fitar da zafi). Kar ka bari ya daɗe, fistin yake ci.

Baba Direba: Ka daina hawa da giya 4 injin na nishi, sauko 2. Wanke lagireto ma.

Ɗan Aboabo: Na gode masta, gobe da sassafe ina tafe.