Wa ya taɓa bin diddigin labarin ɗan wasa kafin a yaɗa shi?

Wakilin wasanni, Ringim: Assalamu alaikum. Ina aika wa wani gidan rediyo rahoton wasannin ƙauyukanmu. Sakamakon wasa ba ya ba ni wahala, kowa ya ga ƙwallo a raga. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne labarin da ɗan wasa ke bayarwa a kan kansa: maraya ne shi, shekarunsa kaza, an kira shi gwaji Turai. Ku tuna Manti Te'o, ɗan ƙwallon Amurka na jami'ar Notre Dame. A Satumbar 2012 aka ce kakarsa da budurwarsa, Lennay Kekua, sun rasu kusan lokaci guda. Manyan kafafe har da Sports Illustrated suka ɗauka, mutane suka yi ta tausaya masa. Sai a Janairun 2013 wata kafar labaran wasanni ta intanet, Deadspin, ta bincika: babu shaidar rasuwa, babu sunanta a jami'ar Stanford da aka ce ta yi, hotunan ma na wata ce daban. Ba a taɓa yin yarinyar ba. Wa ya taɓa cin karo da irin wannan a nan gida?

Mai gidan kallon ƙwallo, Bichi: Wa alaikumus salam. Ni a gidan kallona abin ya faru. Wani baƙo ya zo da rigar kulob da hotuna a waya, wai ya buga a Beljiyam, yanzu yara yake nema ya fitar. Wani mai shafin Facebook ya yi hira da shi ya sa, ko sunan kulob ɗin bai tambaye shi ba. Wannan hirar ita ta zama masa takardar shaida. Iyaye suka sayar da awaki da gero suka biya kuɗin fom, muka wayi gari layinsa a kashe. Har yau ina jin nauyin haɗa ido da wani dattijo da ya biya wa jikansa. Turawa ma an yi musu: a 1996 wani ya kira kocin Southampton, Graeme Souness, ya ce shi ne George Weah, Ali Dia kuma ɗan uwansa ne, har aka sa Dia a wasan Firimiya da Leeds.

Hedimasta mai ritaya, Gumel: Ɗana na Ringim, batun shekaru shi ne nawa. An taɓa yabon wani yaro a rediyo, wai shekararsa 14 ya fi kowa cin ƙwallo a gasar 'yan ƙasa da 15. Ni na rubuta sunansa a rajistar aji ɗaya da hannuna, yana ɗan shekara shida, shekara 12 kafin wannan gasa. Ba wanda ya tako makaranta ya tambaya. Waɗanda aka zalunta su ne yaran da shekarunsu na gaskiya ne, suka koma gida suna ganin ba su iya ba. FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekaru a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 ta 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a filin Sani Abacha na Kano, kuma a 2016 'yan wasanmu 26 suka faɗi wannan gwaji. Mu ba mu da na'ura, amma muna da rajista.

Malamar firamare, Birnin Kudu: Baba, na yarda da kai a kan shekaru. Amma mutuwa fa? Ƙanena ɗan kokawa ne. Da mahaifiyarmu ta rasu, ko sadakar uku ba a yi ba wani ya bugo masa waya yana neman hujja kafin ya rubuta. Yaron nan kuka ya yi. Kuma kada a manta, kakar Te'o da gaske ta rasu, shi kansa kuma yaudararsa aka yi ta waya da intanet.

Mai zuwa dambe, Ɗambatta: A dandali in ɗan dambe yana kirari ya ce ba a taɓa kashe shi ba, kowa ya san kirari ne. Matsala sai mai kyamara ya rubuta shi a matsayin tarihi. Akwai wanda aka rubuta wa haka, alhali a gabana aka kai shi ƙasa. Ka tambayi makaɗa ko alƙalin wasa, su suke riƙe da lissafi.

Wakilin wasanni, Ringim: Malama, Allah ya jiƙan Inna, ya ba ku haƙuri. Wanda ya kira ƙanenki bai kyauta ba. Ni ba na tambayar mai makoki. Ina zuwa ta'aziyya ne kamar kowa, in gaisa da mai unguwa, in ga limamin da ya yi sallar gawa. A ƙauye rasuwa ba ta ɓuya. Baba Hedimasta, akwai gasar yara da za a fara bayan girbi, zan so ka nuna mini yadda ake neman izinin duba rajista.

Hedimasta mai ritaya, Gumel: Ka fara da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ka je da takarda daga gidan rediyonku. Kuma ka riƙe sunan mahaifin yaro da unguwarsu, don wasu da sunan ƙaninsu suke shiga gasa.