Abin da aka tattauna a fada kan aikin gwamnati

A wata fada (wurin zaman hira) da ke unguwar Zariya a Maradi, wani mushen lakkol (malamin makaranta) da ya yi ritaya ya zauna shan shayi da matasan ma'aikata. Maganar da ta fi ɗaukar lokaci ita ce karin maganar nan, "aikin gwamnati ba na uban kowa ba ne". Tsohon ya ce: "Yarana, na uban kowa ne. Harajin mai tebur a babbar kasuwa ke biyan albashinku."

An daɗe kan zancen tarbar jama'a. Mutum ya taso daga Dakoro ko Madarunfa, ya kashe jika biyu ko uku kuɗin mota don takarda guda, sai a ce masa "dawo gobe". Shawararsu: a saurare shi, a faɗa masa abin da ya rage tun zuwan farko, kuma kada a karɓi na goro. A ganina nan ne gizo ke saƙa.

Sauran shawarwarin sun zo a gurguje: sammako zuwa biro (ofis), ajiye salula lokacin aiki, rubuta ayyukan gobe kafin tashi. Wata malamar asibiti ta ƙara da guje wa bashi kafin ƙarshen wata, aka yi dariya, don kowa ya san inda ta dosa.