Neman shawara: za mu ɗauki matasa koyon aiki, amma wani sharaɗi ya raba kan kwamiti

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Ni ce sakatariyar wata ƙaramar ƙungiyar taimakon juna a unguwar Bronx ta birnin New York, wadda akasarin mambobinta Hausawa ne daga Ghana da Nijar da Najeriya. Aikinmu cike wa sababbin zuwa takardu, raka tsofaffi asibiti mu yi musu tafinta, da rabon kayan abinci ranar Asabar. Masu albashi a cikinmu biyar ne kacal, aiki kuma ya fi ƙarfinmu, shi ya sa muka yanke shawarar ɗaukar matasa uku su koyi aiki a wurinmu lokacin hutun bazara.

Wata gidauniya ta yarda za ta ba da kuɗin, sai dai a cikin yarjejeniyar akwai sharaɗin cewa ba za mu nuna wa kowa bambanci ba saboda launin fata, ko addini, ko naƙasa, ko don yana cikin masu neman jinsi ɗaya ko masu sauya jinsi. A nan kan kwamiti ya rabu: wasu suka ce mu sa hannu mu karɓi kuɗin tunda ba mai zuwa ya duba, wasu suka ce mu mayar musu da takardarsu. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne, a cikin masu nema akwai wani yaro ɗan shekara 19 da ya shekara biyu yana zuwa duk Asabar yana sauke mana buhunan shinkafa ba tare da an ba shi ko sisi ba, yana kuma jin Hausa da Turanci da Twi, wani yare na Ghana. Da aka zo kan takardarsa, wani dattijo ya sa ɗan yatsa ya ture ta gefe, ya ce ai an san abin da ake faɗa a kansa. Ba wanda ya ce uffan. Na ɗauki takardar na sa a jakata, har yau tana ciki. Ku taimake ni da shawara, a kan yaron da kuma kan yadda ake tsara shirin gaba ɗaya, domin ban taɓa yi ba.

Wani mai aiki a ofishin lauyoyi:

Wa alaikumus salam, Malama. Ni ba lauya ba ne, amma ki sani ko kun mayar da kuɗin gidauniyar, sharaɗin yana nan a kanku, domin doka ce ta gindaya shi tun kafin su. Ranar 15 ga Yuni, 2020, Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta yanke hukunci a shari'ar Bostock cewa korar mutum daga aiki don yana neman jinsi ɗaya ko ya sauya jinsi ya saɓa wa dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964. Wannan dokar ta tarayya tana hawa kan mai ma'aikata 15 ko fiye, saboda haka wani a kwamitinku zai iya cewa ba ta kai gare ku ba. To amma dokar birnin New York tana farawa ne daga ma'aikata huɗu, ta jiha kuma tun 2020 ta shafi kowane mai ɗaukar aiki komai ƙanƙantarsa, sannan tun 2014 dukkansu biyu suka sanya masu koyon aiki cikin kariya, ko ana biyansu ko ba a biyansu. Sassaucin da ake yi wa wuraren ibada wajen zaɓen limami ko mai koyar da addini ba zai rufe ƙungiyar da ke rabon abinci da tafinta ba. Ku kai yarjejeniyar wurin lauya ya karanta muku kafin ku sa hannu.

Wata da ta taɓa kula da irin wannan shiri:

'Yar'uwa, na yi shekaru ina kula da masu koyon aiki a wata ƙungiya a unguwar Harlem ta birnin New York, kuma abin da na gani shi ne, inda babu tsari a rubuce, nan ne son rai da jita-jita suke samun wurin zama. Kafin ki sake buɗe takardar kowa, ki zauna ki rubuta aikin kowane gurbi a shafi guda: wane aiki zai yi, awa nawa a mako, wa zai riƙa duba shi, me ake so ya iya kafin ya tafi. Daga wannan shafin za ki fitar da ma'aunin zaɓe, kamar jin harsuna, iya kwamfuta, da zuwa a kan lokaci. Mutum uku su ba da maki kowa shi kaɗai, a yi wa kowane mai nema tambayoyi iri ɗaya, a adana takardun makin. Idan aka yi haka, wanda ya ture takarda da yatsa dole ya faɗi a wane ma'auni yaron ya gaza, kuma daga bayaninki ban ga inda zai gaza ba.

Ku biya su. Mafi ƙarancin albashi a birnin nan ya kai dala 16.50 a awa a 2025, kuma yana ƙaruwa, sai ki duba na bana. Na san ana cewa ƙungiyoyin agaji suna iya karɓar 'yan sa-kai, haka ne, amma koyon aiki ba biya yana nufin ɗan mai hali ne kawai zai iya zuwa, wanda kuwa yake taimakon uwarsa da kuɗin haya zai tafi wankin kwanuka a gidan abinci. Idan kuɗi bai isa ba, ku nemi zama wurin aiki a shirin SYEP na birni, wato shirin aikin bazara na matasa, wanda yake ɗaukar matasa daga shekara 14 zuwa 24, birni ya biya su na mako shida. Wanda bai kai 18 ba kuma sai ya kawo takardar izinin aiki daga makarantarsa.

Abu ɗaya da na yi sakaci da shi a shekarata ta farko, har yanzu yana cina: ban tanadi wurin kai kuka ba. Wata yarinya ta yi mako uku ana yi mata habaici a ɗakin ajiyar kaya saboda irin shigarta, ta rasa wanda za ta gaya wa, domin mai habaicin shi ne mai duba ta. Wata Litinin na tarar da makullin ofis a kan teburina cikin ambulan, ba ko wasiƙa. Tun daga nan nake ba kowane ɗan koyo sunayen mutum biyu, mace da namiji, waɗanda ba su ne shugabanninsa na kai tsaye ba, kuma ina zama da kowa minti goma sha biyar duk Juma'a.

Wani dattijo:

'Yata, ni abin da na yi imani da shi game da wannan al'amari yana nan yadda malamaina suka karantar da ni, ba takardar wata gidauniya ce za ta sauya shi ba. Amma malaman nan su ne suka karantar da ni aya ta 12 a Suratul Hujurat, inda aka hana mu yawan zato da bin diddigin sirrin mutane da cin naman juna. "An ce" ba shaida ba ce, kuma ko da shaida ce, ba a naɗa kwamitinku alƙali ba, an ba ku amanar ɗaukar wanda zai iya aiki ne. Masu cewa a sa hannu a karɓi kuɗi alhali ba a da niyyar cikawa, su ne maganarsu ta fi tayar mini da hankali, domin wannan yaudara ce tsagwaronta. Kada ki tunkari dattijon nan a bainar jama'a. Ki sami wanda yake jin nauyinsa, ku je masa gida, ku tuna masa buhunan da yaron ya sauke shekara biyu ba wanda ya tambayi labarinsa.

Wani ɗalibi:

Yaya, ina roƙon ki kula da sirri. Kada a sa wata tambaya a takardar neman gurbi game da wanda mutum yake so, kada kuma ki kira yaron gefe ki tambaye shi ko gaskiya ne, ko da niyyarki kare shi ce. Da yawanmu muna zuwa gida hutu, kuma a Najeriya dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, da shekara 10 kan shiga ƙungiyoyinsu ko mara musu baya. Magana ɗaya a WhatsApp tana isa Kano ko Kumasi kafin a yi sallar isha'i. Haka kuma kada a sa hoton kowane ɗan koyo a Facebook sai da izininsa a rubuce, kuma idan gidauniya ta nemi rahoto, kada a nuna mata shi a matsayin shaidar kun cika sharaɗi.

Mai tambaya:

Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na rubuta aikin gurbi biyu a daren jiya, saura na tafinta. Baba, na yi magana da ma'ajinmu, wanda aminin dattijon ne tun suna unguwar Nima ta birnin Accra, ya ce za mu je masa ranar Lahadi bayan la'asar. Takardar yaron na fito da ita daga jaka na mayar cikin sauran, za a ba ta maki tare da su ranar Laraba. Yaya mai aiki a Harlem, idan kina da samfurin tambayoyin da kike yi wa masu nema, ki turo mini.