Musayar baituka: jaje ga mutanen Mayot

Ɗan Rikkos:
Assalamu alaikum. Tun da guguwar Chido ta faɗa wa tsibirin Mayot, can tsakanin Madagaska da Mozambik, ranar 14 ga Disamba, 2024, abin ya tsaya min a rai. Iska mai gudun fiye da kilomita 200 a awa, a kan gidajen kwano. Ga ɗan abin da ya fito:

Da sunan Mai iska da teku zan fara,
Jaje ga Mayot da ta sha guguwa.

Gidajen kwano sun tashi kamar ganye,
Birnin Mamudzu ya wayi gari ba inuwa.

Ba titin da motar agaji za ta biyo,
Gabas da yamma, kudu, arewa, ruwa.

Ruwan ga shi jingim, amma na gishiri,
Yaro na kukan ƙishi a bayan uwa.

Jirgi na tasowa daga tsibirin Reyuniyon,
Kafin ya sauka an galabaita da yunwa.

Sarkin Dilimi:
Ƙanena, kukanka ya yi nisa,
Ka tsallake Barno kana ta kururuwa.

Madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba,
Ban ji baitinka ba, ko na gaisuwa.

Mayot ta Faransa ce, ta ji da kayanta,
Mai hali ba ya jiran jajen talakawa.

Ɗan Rikkos:
Yaya, tabarma goma na kai tasha,
Kai kana shago, riba kake ƙirgawa.

Wanda ruwa ya taɓa ci ba ya tambayar
Ƙasar mai kuka kafin tausayawa.

Ka san ni, Yaya. A watan Yulin 2012 ruwa ya shigo mana unguwar Rikkos, a Jos, cikin dare. Ina gani kwallayen Inna suka bi ruwa ɗaya bayan ɗaya, tana riƙe da ƙyaure tana salati. Maƙwabcinmu ne ya jefo igiya daga kan katanga. Da aka zo rabon shinkafa, sunanmu babu a takarda, na wasu da ko ƙafarsu ba ta jiƙe ba yana sama. Mu da muke da titi ke nan, ana iya zuwa daga Bukur a kawo mana tuwo. Ina ga wanda teku ta kewaye?

'Yar Gangare:
Allah ya ƙara basira, Ɗan Rikkos! "Wanda ruwa ya taɓa ci", ai magana ta ƙare a nan. Sarki, sai a ajiye alƙalami.

Auta:
Ba ta ƙare ba, Anti. Sarki gaskiya ya faɗa, ku dai kun saba goyon ɗan unguwarku.

Malam Mai Aruli:
Ku dakata tukuna. Niyya ta yi kyau, amma kari yana ɗingishi. Ɗangon "Gabas da yamma" ba ya tafiya da ɗan'uwansa, ku rera ku ji. Sannan amsa-amon "wa" rijiyar kowa ce: ƙirgawa, tausayawa, duk wanda ya maƙale sai ya jefa guga. Mai jin ya isa ya sauya harafi.

'Yar Gangare:
Malam, kullum kai ne mai gyara, yaushe za mu ga naka baitin?

Auta:
Na rera, Malam, bai karye ba.

Malam Mai Aruli:
Jan murya ka yi ka rufe ramin, yaro. A takarda ake awo.

Gwaggon Unguwar Rogo:
To ga wani harafin, tunda shi ake nema.

Malam, ajiye ma'auninka ka saurara,
Gida ya rushe, kai baiti kake gyara.

Baƙin Komoro marasa takardar zama,
Da yawa sun ƙi mafaka don tsoron kora.

An binne wasu kafin hukuma ta iso,
Musulmi ba ya barin gawa tana jira.

Wanda ya tsira ƙishi ne ke binsa,
Ya sha na kwata, sai amai, sai kwalara.

A fara da ruwa, tamfol da sabulu,
Shinkafa ta biyo, da gwangwanin madara.

Aikin jinya na yi har na ajiye, 'ya'yana. Tsibirin nan ya yi fama da kwalara a cikin shekarar tun kafin guguwa, shi ya sa maganar ruwan sha ta fi komai tayar min da hankali.

Malam Mai Aruli:
Gwaggo, na rusuna, harafinki ya zauna,
Amma zubar da awo ba shi ne jinƙai ba.

Mai ɗinkin likkafani ma yana aunawa,
Bai ce don ana kuka ba zai gwada ba.

Sarkin Dilimi:
Kwana biyu ina hanyar Kano, yanzu na ga abin da aka yi a bayana. Ina wuni, Gwaggo. Maganar masu tsoron kora ta shige ni, ban san da ita ba. Amma ban janye ba:

Makron ya sauka bayan kwana biyar,
Mutane suka tare shi, ruwa suke nema.

Wannan ita ce maganata tun farko,
Mai riƙe da tuta shi za a tuhuma.

Kai kuma ƙanena, mai gorin tabarma,
Wa ya biya kuɗin lodi, in ka tuna?

Auta:
Malam, na ƙarshen ya fita daga harafi, "ma" ya koma "na". Ba ka gani ba?

Ɗan Rikkos:
Kai ka biya, Yaya, ban musa ba,
Allah ya saka, ya ƙara buɗi a kasuwa.

A tuhumi mai tuta, ni ma na yarda,
Amma daren nan ba shi na ga yana zuwa.

Mai gajeren wando na gani kan katanga,
Da igiyar shanya, yana ce wa Inna, "Kama, uwa!"

Malam Mai Aruli:
Na gani, Auta. Ɗangon ƙarshen nan ma ya zarce awo, amma shi kam a bar shi yadda yake.