Yaƙin Lugdunum: daga ina zan fara?

Ɗan Aji Uku: Salam jama'a. An ba mu aiki kan yaƙin Lugdunum na shekarar 197, wanda Severus da Albinus suka gwabza kan sarautar Rum, Litinin za a karɓa. Don Allah me zan karanta?

Malam Na Baya: Ƙanena nemi Cassius Dio, akwai fassararsa ta Turanci kyauta a intanet. Sanata ne a Rum lokacin da abin ya faru.

Baban Khalifa: Ni dai kome za ka yi kar ka dogara da bidiyoyin nan masu muryar na'ura. Bara na zauna na ƙona data a kan wani, ina kallo ina kwafa a littafi har hannuna ya sage, ashe mutumin ya cakuɗa Albinus da Pescennius Niger, wai a gabas aka kashe shi. Alhali Niger ne Severus ya gama da shi a Issus a 194, shi kuwa Albinus gwamnan Birtaniya ne, aka lallaɓa shi da sarautar Kaisar, wato magajin sarki, don ya zauna shiru, da aka gama da gabas sai Severus ya ba ɗansa Caracalla kujerar. Malaminmu ya zagaye shafi guda da jan biro ya rubuta "wa ya gaya maka?" Har yau abin na min ciwo wallahi.

Maman Ilham: Niger kuma? Ashe mutanen Maraɗi sun nemi sarautar Rum 😂

Bamaraɗe: Hajiya a bar mu mu sha hura lafiya.

Malam Na Baya: A Latin baƙi yake nufi. Kuma Severus da Albinus duk 'yan Afirka ne, ɗaya Libiya ta yau ɗaya Tunisiya.

Ɗan Aji Uku: To ina Lugdunum ɗin take?

Baban Khalifa: Lyon ce ta Faransa. Ka duba inda mutanen Albinus suka haƙa ramuka suka rufe, sojan Severus suka rufta, Severus kansa ya rasa dokinsa a filin daga.

Bamaraɗe: Laetus, kwamandan Severus, shi ne ɗan duniya, ya tsaya da mahaya yana jiran ya ga inda za ta faɗi.

Maman Ilham: Irinsu sun cika gari lokacin zaɓe.

Malam Na Baya: Ai bai sha ba, daga baya Severus ya kashe shi. Ƙanena ka haɗa da Herodian, shi ma marubucin tarihin Rum ne, amma sojoji dubu 150 ɗin da Dio ya kawo kar ka rantse a kai, har yau ana gardama ko jimilla ce ko kowane ɓangare.

Ɗan Aji Uku: Shafi nawa ne Malam? Cajina saura kashi 9.